Sankarar jini: abin da ya sa likita kan rage ƙarfin magani da gangan

Da zarar lokacin SIWES ya ƙarato, za ka ga 'yan SLT da 'yan injiniyarin suna ta zarya da takarda a hannu tsakanin Sharada, Challawa da Bompai, kowa na neman kamfanin da zai karɓe shi ya buga masa hatimi. Wani ya faɗa kamfanin roba, wani na fenti, wani na jimar fata, wani na takalmi. Tambayoyin da muke yi wa waɗanda suka riga mu zuwa ba sa wuce uku: ana ba da alawus? Ana ba da abinci? Oga yana da matsala? Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ke cikin duron da za a tsayar da shi kusa da shi wata huɗu yana shaƙa.

Cikin sinadaran da ake haɗuwa da su a irin waɗannan wurare akwai benzin. Yana cikin man fetur, yana cikin hayaƙin taba, kuma ana iya samunsa a wasu nau'o'in gam, tina da sholisho, musamman masu araha da ba a rubuta abin da ke cikinsu ba. Hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai bincike kan cutar daji, ta sa shi a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a jikin ɗan Adam. Dajin da yake kawowa shi ne na jini. Ɗaya daga cikin hujjojin farko ta fito ne daga masu sana'ar da muka sani a nan Kano: a shekarun 1970 wani likita a Santambul, Muzaffer Aksoy, ya lura cewa masu haɗa takalma da ke aiki da gam mai benzin a ƙananan shagunan da iska ba ta ratsawa suna ta zuwa asibiti da ɓargo a lalace, wasu kuma da sankarar jini. A ƙarshen shekarun 1980 ma, Farfesa Alan Fleming, wanda ya daɗe yana aikin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa sun auna jinin 'yan bumburutu da makanikai a Najeriya, suka tarar da ƙarancin ƙwayoyin jini ya fi yawa a cikinsu. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana zuƙo fetur da tiyo a baki, ko makaniki yana wanke hannu da shi kafin ya ci abinci, ba zai yi mamaki ba.

Kada kowa ya ɗauka duk mai sankarar jini daga masana'anta ya kwaso ta. Yawancin masu ita ba a gano takamaiman dalili, kuma tana kama yaro ɗan shekara uku da bai taɓa taka Sharada ba. Haka kuma kuromiyom na kamfanonin jima, wanda ake yawan magana a kansa saboda ruwan dattin da ke gangarawa kogin Challawa da rafin Getsi, an fi danganta nau'insa mai haɗari da dajin huhu. Amma tunda benzin abu ne da ake iya kauce masa, kuma cutar tana cinye gida kafin ta cinye mutum, ya kamata mu san yadda take da yadda ake maganinta. A cikin maganin kuma akwai wani sauyi da ke faruwa wanda ya fi shafar irin ƙasarmu.

Masana'antar da ke cikin ƙashi

Ɓargo shi ne kamfanin da ke ƙera jini. Kowace daƙiƙa yana fitar da jajayen ƙwayoyi sama da miliyan 2, masu ɗaukar iskar numfashi, kowace ta yi kwana 120 tana aiki. Yana fitar da ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, masu rayuwar kwana 7 zuwa 10. Yana kuma fitar da fararen ƙwayoyi, sojojin jiki. Mafi yawa a cikinsu su ne nutrofil, waɗanda ke cinye ƙwayoyin bakteriya, kuma saboda ba sa daɗewa a jini, ɓargo na ƙera kimanin biliyan 100 a kullum. Sai ƙwayoyin T, B da NK, masu gane baƙo su riƙe kamanninsa.

Sankarar jini na farawa ne idan ƙwaya guda a cikin ɓargo ta samu tangarɗa a ƙwayoyin halittarta, ta ƙi girma ta kama aiki, ta koma sai haihuwa kawai. 'Ya'yanta su cika wurin, layin ƙera jini ya tsaya. Daga nan alamomi ke fitowa: kasala da ɗashewa saboda babu jajaye, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa saboda babu sojoji na gaske, dasashi na jini da haɓo da tabo-tabo a fata saboda babu masu tsayar da jini. Wani lokaci ciwon ƙashi, kaluluwa ko kumburin saifa. Ka ga kuwa a garinmu waɗannan duk sunansu maleriya da taifot, sai an sha allura zagaye uku a kemis kafin wani ya ce a je a yi FBC. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa mata suna a 1847 da kalmar da ke nufin farin jini, saboda yadda ya ga fararen ƙwayoyi sun rinjayi jajaye.

Manyan nau'o'inta huɗu ne. ALL da AML masu gaggawa ne, suna iya kashewa cikin makonni idan ba a taɓa su ba. Ta farko ta fi kama yara, ta biyu ta fi kama manya, kuma ita ce aka fi dangantawa da benzin. CML da CLL a hankali suke tafiya, mutum na iya yin shekaru da su.

Lissafin da ya haifar da "a buga iya ƙarfi"

Maganin kemo na farko da ya yi aiki a sankarar jinin yara shi ne wanda Sidney Farber ya gwada a Boston a 1947. Yaran sun farfaɗo, amma bayan watanni cutar ta dawo. A shekarun 1960 wani mai bincike, Howard Skipper, ya bayyana dalili da lissafin da duk ɗan ND 1 zai gane: kowane zagaye na magani kaso yake kashewa, ba adadi ba. Mara lafiya kan zo asibiti da muggan ƙwayoyi kusan tiriliyan 1. A ce magani ya kashe kashi 99.9 cikin 100. Abin ya yi kyau a kunne, amma saura biliyan 1. Idan aka duba jini a madubin lab ba za a ga komai ba, mutum ya tashi yana cin tuwo, dangi su ce ya warke, alhali biliyan ɗin nan na nan suna ninkuwa.

Daga wannan lissafi aka ɗauki ƙa'idar ba da mafi girman awon da jiki zai iya ɗauka, a huta, a sake. A AML, tsarin da aka fito da shi a 1973, wanda har gobe ake kira 7+3, shi ne kwana 7 ana ɗura sitarabin dare da rana, da kwana 3 na donorubisin. Maganin ba ya bambance mugu da nagari, duk ƙwayar da ke saurin rabuwa yake bi. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, ɓargo kuma ya zama kango na mako uku zuwa huɗu.

To, waɗannan makonnin su ne inda gizo ke saƙar. Mutum ba shi da nutrofil, ƙwayar cutar da ke cikin hanjinsa ma ta ishe shi. Yana buƙatar ɗaki mai tsabta, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu tsada ta jijiya, ledar jini bayan ledar jini, da ƙwayoyin tsayar da jini da aka ware daban. A inda waɗannan suka wadata, tsarin na warkar da mutane da yawa: yaran da ke da ALL a ƙasashe masu arziki kusan 9 cikin 10 suna warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai cutar daji a can yana da damar tsira sama da kashi 80, a ƙasashe matalauta da yawa kuma ƙasa da kashi 30, shi ya sa a 2018 ta sa burin a kai kashi 60 kafin 2030. Maganin iri ɗaya ne a kwalba. Bambancin yana wajen zuwa da wuri, da kuɗin kammalawa, da abin da zai riƙe mutum a raye har ɓargonsa ya farfaɗo. Tsoho ɗan shekara 70 kuwa, ko a Amurka yake, sau da yawa jikinsa ba zai ɗauki 7+3 ba.

Abin da aka gani a Badun

Tunanin cewa garkuwar jiki na da hannu a warkewa ba daga Turai kaɗai ya zo ba. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, kuma yana da yawa a duk inda maleriya ta yi katutu, har da nan. Ɗan'uwan sankarar jini ne na kusa, domin daga ƙwayoyin B yake tasowa. Burkitt ya ba da rahoto a 1967 cewa wasu yara da suka samu magani sau ɗaya ko sau biyu kacal, ƙarin ya narke kuma bai dawo ba. Bisa lissafin Skipper hakan bai kamata ya yiwu ba, allura ɗaya ba ta share tiriliyan. Ashe akwai mai ƙarasa aikin. A Asibitin Koyarwa na Badun, Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, yana kan irin wannan aiki da maganin saiklofosfamaid, kuma a wannan shekarar ya wallafa bincike kan yadda jikin mara lafiya ke kare kansa daga wannan ƙari. A 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka, tare da Burkitt.

Hujja ta biyu ta fito daga dashen ɓargo. Da farko an ɗauka amfanin dashe kawai shi ne a samu damar ƙone ɓargon mara lafiya ƙurmus sannan a zuba masa sabo. Sai wani babban bincike a 1990, kan mutum sama da 2,000, ya nuna abin mamaki: waɗanda suka karɓi ɓargo daga tagwayensu masu kama ɗaya, cutar ta fi dawo musu fiye da waɗanda suka karɓa daga ɗan'uwa na daban. Ƙwayoyin T na tagwaye suna ganin ƙwayar sankarar a matsayin 'yar gida, su wuce ta. Na ɗan'uwa kuwa suna ganinta baƙuwa, su far mata. Da aka gane haka, a ƙarshen shekarun 1990 aka fara dashe da kemo mai sauƙi, wanda aikinsa kawai ya buɗa wa sabon ɓargo wuri, a bar wa ƙwayoyin T sauran yaƙin. Wannan ya buɗe ƙofar dashe ga masu shekara 60 da ɗoriya. A Najeriya an yi dashen ɓargo na farko a Asibitin Koyarwa na Benin a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro mai sikila.

Yadda ƙaramin awo ke aiki

Magani ɗaya na iya yin aiki biyu daban, ya danganta da awo. Saiklofosfamaid ne babban misali. Idan aka ɗura shi da yawa, yana share fararen ƙwayoyi gaba ɗaya. Idan aka ba da shi kaɗan-kaɗan, kamar ƙwayar miligiram 50, sai ya fi taɓa wani rukuni na ƙwayoyin T da ake kira Treg. Aikin waɗannan shi ne tsawatarwa: su ke hana sauran sojoji wuce gona da iri su afka wa jikin mai su. Aiki ne mai amfani, amma cutar daji kan tara su a kewayenta kamar mai laifin da ya sayi masu gadi. Robert North ya nuna a jikin ɓeraye a 1982 cewa idan maganin ya kawar da masu tsawatarwar, sauran ƙwayoyin T na samun damar aiki. A 2007 François Ghiringhelli da abokansa a Faransa suka ga haka a jikin mutane masu daji da ya yi nisa: Treg sun ragu, ƙwayoyin T da NK sun farfaɗo.

Hanya ta biyu ta shafi yadda ƙwayar dajin ke mutuwa. Akwai mutuwar shiru, wadda jiki ke share gawar ba tare da kowa ya tambayi ba'asi ba. Akwai kuma mutuwar kururuwa. Guido Kroemer da Laurence Zitvogel, su ma a Faransa, sun nuna daga 2005 cewa magungunan dangin donorubisin na sa ƙwayar da ke mutuwa ta fito da wani furotin, kalretikulin, a bayanta, tamkar tuta. Ƙwayoyin da ke sintiri su haɗiye ta, su kai wa ƙwayoyin T guntayenta su ce ga kamannin ɓarawo. Kusan rigakafi ne da jiki ke haɗa wa kansa. Sai dai dole a samu sojan da ya rage da rai wanda zai karɓi saƙon, abin da babban awo ba ya bari.

Hanya ta uku ita ce ta azasitidin da desitabin. An ƙera su tun shekarun 1960, aka gwada su da babban awo, gubarsu ta yi yawa, aka kusa watsar da su. Daga baya aka gano cewa a ƙaramin awo ba kisa suke yi kai tsaye ba, suna cire wasu makullai ne da ƙwayar daji ta garƙama wa sassan DNA ɗinta. A 2015 ƙungiyoyin bincike biyu suka nuna cewa cikin abin da ke buɗewa har da ragowar tsofaffin ƙwayoyin bairos da ke kwance a DNA ɗin ɗan Adam. Ƙwayar sai ta ɗauka an harbe ta da bairos, ta buga ƙararrawa da kanta.

Salon ba da magani kaɗan, a kai a kai, ba dogon hutu, shi ne Douglas Hanahan ya raɗa wa suna metronomik a shekarar 2000, daga wata na'urar masu kiɗa da ke bugawa tak, tak, tak ba ta sauya taku. Sunan sabo ne, amma likitocin yara sun daɗe suna yi. Bayan watannin farko masu zafi, yaro mai ALL kan koma gida yana shan makaptofurin kullum da metotireksat sau ɗaya a mako, har jimillar magani ta kai shekara biyu ko fiye. Makaptofurin ɗin, wanda Gertrude Elion ta haɗa a 1951, yana cikin magungunan daji mafi araha. Likita na ɗaga awon ko ya sauke bisa adadin nutrofil: a danne cutar, kada a kashe garkuwa. A nan akwai wani abu da 'yan lab ya kamata su sani. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan hali nutrofil ɗinsu a jini kan yi ƙasa da abin da littattafan Turai suka rubuta, alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda bai san haka ba zai iya rage wa yaro magani ba gaira ba dalili.

Me alƙaluma suka ce?

A ganina a nan ne ya kamata a rage zumuɗi. Yawancin bayanin da ke sama daga ɓeraye da lab ya fito, da kuma dajin da ba na jini ba. Idan aka zo gadon asibiti, ƙaramin awo shi kaɗai bai cika warkar da sankarar jini mai gaggawa ba. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2007, an ba tsofaffi masu AML allurar sitarabin miligiram 20 a ƙarƙashin fata, safe da yamma, kwana 10 a kowane zagaye. Miligiram 40 ke nan a rana, alhali a 7+3 babban mutum kan karɓi 170 zuwa sama da 300. Kashi 18 cikin 100 cutar ta kwanta musu, a ɗaya ɓangaren da aka ba maganin lallaɓawa kawai kashi 1. Ci gaba ne, kuma allura ce da ba sai an kwantar da mutum ba, amma 18 ba 80 ba ne. Dajin Burkitt ma, a Malawi inda aka yi amfani da tsari mai sauƙi saboda rashin kayan aiki, kusan rabin yaran ke tsira, a Turai kuwa da tsari mai zafi kusan 9 cikin 10.

Inda ƙaramin awo ya yi tasiri sosai shi ne idan aka haɗa shi da abokin aiki. A gwajin VIALE-A na 2020, kan mutum 431 da tsakiyar shekarunsu 76, an haɗa azasitidin da wata ƙwaya mai suna benetoklaks. Kashi 66 cutar ta kwanta musu, a masu azasitidin kaɗai kashi 28. Tsakiyar tsawon rayuwa ta tashi daga wata 9.6 zuwa 14.7. Amma ko a nan, 4 cikin 10 sun yi zazzaɓi mai haɗari saboda faɗuwar nutrofil. Sunansa mai sauƙi, ba Panadol ba ne.

A ALL kuma abokin aikin garkuwar jiki ce kai tsaye. Bilinatumomab, wanda Amurka ta amince da shi a 2014, furotin ne mai hannu biyu: ɗaya ya kamo ƙwayar T, ɗaya ya kamo ƙwayar sankara, ya haɗa su gaba da gaba. Ba shi da amfani idan babu ƙwayar T mai rai. Likitocin asibitin MD Anderson a Amurka sun ɗauki tsohon tsarinsu mai zafi, suka rage wasu magungunan da rabi, wani da kashi 75, suka cire ɗaya gaba ɗaya, suka cike gurbin da irin waɗannan sababbin magunguna domin masu shekara 60 zuwa sama. Haka a CAR-T, inda ake ɗebo ƙwayoyin T na mara lafiya a sauya musu halitta a lab a mayar masa: kafin a mayar, ana ba shi kemo na 'yan kwanaki domin a share musu fili. Yarinya ta farko da aka yi wa, Emily Whitehead, a Filadelfiya a 2012, ta girma har ta shiga jami'a. Da aka fara sayar da shi a 2017, kuɗinsa dala 475,000 ne. Ku buga da canjin Wapa ku gani. Indiya ta ƙera nata a 2023 a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan, wanda ke nuna farashin ba daga sama ya sauko ba.

Labarin CML ya fi daɗin ji. Ƙwayar imatinib, wadda aka sani da Glivec, ta fito a 2001 ta mayar da cutar abin da ake rayuwa da shi kamar hawan jini. Tun 2003 ake ba da ita kyauta ga 'yan Najeriya ta Asibitin Koyarwa na Ile-Ife da tallafin gidauniyar Max, kuma mutanen Arewa da dama sun sha wannan doguwar hanya. Wani gwaji a Faransa a 2010 ya dakatar da maganin ga waɗanda cutar ta ɓace musu a gwaji mafi zurfi na tsawon shekara biyu. Kusan 4 cikin 10 ba ta dawo musu ba, kuma bincike ya nuna masu yawan ƙwayoyin NK sun fi dacewa. Sauran 6 ɗin ta dawo musu cikin watanni, aka mayar da su kan magani, domin ana auna jininsu duk wata.

Rage awo da tsinke magani

Ga inda wannan ilimi zai iya zama guba idan aka ji rabinsa. Gida ya sayar da fili, kuɗi sun ƙare a zagaye na biyu, sai wani ɗan boko a dangi ya ce ai ya karanta cewa ƙaramin awo ma yana aiki, a raba ƙwayar biyu, ko a tsallake wata guda. Wannan ba shi ne abin da likitoci ke nufi ba ko kusa. Nasu awo ne da aka lissafa da nauyi da tsayin mutum, da ranakun da ba a tsallakewa, ana bi da gwajin jini. Dakta Smita Bhatia ta bi yara masu ALL a Amurka da kwalbar magani mai rubuta duk lokacin da aka buɗe ta. Waɗanda suka sha ƙasa da kashi 95 na makaptofurin ɗinsu, haɗarin dawowar cutar ya kusa ninka uku. Kashi 95 fa, wato tsallake kwana biyu a wata ya isa. Tsinke magani yana kashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi ne ya bar masu taurin kai su gaji filin, kuma idan suka dawo, maganin jiya ba ya jin su.

Haka batun "ƙara ƙarfin garkuwa" da ake tallatawa a WhatsApp da motocin lasifika. Matsalar mai sankara ba ƙarancin kuzarin garkuwa ba ce da za a gyara da shayi. Sojojinsa ba sa gane abokin gaba ne, ko an ɗaure musu hannu. Zogale abinci ne mai kyau, a ci. Amma wasu haɗe-haɗen na wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da suke fama da kemo, don haka duk abin da ake ba mara lafiya a gida, likitansa ya sani. Mafi muni shi ne deksametason da firednisolon da ake saya a kemis, ko a cikin haɗin sha-ka-fashe. Suna cikin magungunan ALL na gaske, shi ya sa idan aka ba yaro mai zazzaɓi da ciwon ƙashi sai ya ji sauƙi na 'yan makonni, ƙwayoyin su ɓuya, a ɗebi ɓargo a kasa gane komai, sannan cutar ta dawo da ƙarfinta.

Idan gida ya kasa, a faɗa wa likita an kasa. Sashen jini na Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika suna ganin irin wannan kullum, kuma akwai bambanci tsakanin tsarin da likita ya sauƙaƙa da saninsa da wanda aljihu ya yanke a ɓoye. Asibitocin biyu na cikin waɗanda Gwamnatin Tarayya ta sa a shirin rage farashin magungunan kemo da ta ƙaddamar a 2019, sai a tambaya a kantin maganin asibiti. Wanda kuma ke jinyar mai shan kemo, ko mai sauƙi ne, ya ajiye ma'aunin zafi a gida: da ya nuna 38, asibiti za a nufa a daren, ba a jira a ga abin da farasitamol zai yi.

Ga masu tafiya IT, abin da ke hannunku ba shi da yawa amma yana da amfani. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin duro, ku nemi takardar bayanin haɗarin sinadari, wadda ya kamata a ce tana wurin. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare tururin tina, sai mai matatar gawayi. Benzin na ratsa fata, don haka wanke hannu da fetur ko tina shan sa ne ta wata ƙofa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF ke kula da ita, ta haɗa da cutar da aka samu ta dalilin aiki, kuma sankarar benzin kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, saboda haka a adana duk takardar da ke nuna inda aka yi aiki da lokacin.

Abu ɗaya da kowane tsari ke buƙata, mai zafi ko mai sauƙi, shi ne jini. Mai AML ɗaya na iya shan leda goma ko fiye kafin ya fita zagayen farko, kuma dangi kan ƙare tun a mako na biyu. Jajayen ƙwayoyi na yin kusan mako biyar a firiji, amma ƙwayoyin tsayar da jini kwana 5 kawai suke yi, ba a kuma sa su a sanyi, sai dai a ajiye su a kan injin da ke girgiza su dare da rana. Ba a tara su don gobe. Duk mai shekara 18 da nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu, kuma zaman bai fi tsawon lacca ɗaya ba.